Tambayar da Baba Ya Rubuta da Hannun Hagu

Zuwa ga Yayana Dogo,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mamar 'Yan Biyu da yaran duka. Ubangiji ya tsare shigarku da fitarku, ya ba ka ƙarfin aiki a wannan wuri mai nisa. Mu nan da sauƙi. Mama tana nan, ƙafar ce dai kamar kullum, tana gunaguni tana tafiya. Auta ya koma aiki. Matarsa Nas, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ke ɗauke da mu duka a makonnin nan uku, Allah ya saka mata. Ni kuwa na rufe keken ɗinkina da zane tun ranar da aka kwantar da Baba, masu kaya sai haƙuri.

Yaya, a waya mun ce maka hawan jini ne ya kayar da Baba. Ba ƙarya ba ne, amma rabin magana ce, sauran rabin yana wuyana. Shi ya sa duk lokacin da ka kira nake miƙa wa Auta wayar, in ce hannuna da ruwa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, don haka ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Watan jiya aka yi taron farkawa na mako guda a majami'armu, aka gayyato wani baƙon mai bishara. Ba zan yi masa sharri ba, mutum ne mai himma, yana wa'azi gumi na zuba har rigarsa ta manne masa a baya. Duk kwanakin a kan abu ɗaya ya tsaya: zuwan Ubangiji ya yi kusa, ƙaho zai yi kuka ba sallama. Ya kawo misalin 'yan matan nan goma da fitilunsu, ya ce man fitilar shi ne Ruhu Mai Tsarki, kuma alamar cewa mutum ya sami baftismar Ruhu ita ce magana da harsunan da bai sani ba. Wanda bai yi ba, in ji shi, fitilarsa wofi ce, ko da ya tsufa a kan bencin majami'a. Da ya faɗi haka na juya na dubi Baba. Ka san bencunan nan duka shi ya ƙera su. Yana zaune a kan na uku, inda ya saba, yana shafa bakin katakon da babban yatsa, kansa a ƙasa.

Shekara arba'in da wani abu Baba yana bin Ubangiji, bai taɓa yin harsuna ba. Ni na yi tun ina 'yar shekara sha tara, kuma har gobe ban ce abin da ya same ni ƙarya ba ne. Amma ka san halina, in na kama abu sai na kai shi ƙarshe, kai da kanka kake kirana Sarkin Naci. Ranar Talata na leƙa shagonsa da rana, na same shi zaune cikin garin katako, zarto a cinya, fensir a bayan kunne, ba ya aikin komai. Ya tambaye ni, a hankali don kada maƙwabta su ji, ko a ganina za a bar shi ranar fyaucewa, sa'ad da Ubangiji zai ɗauke nasa zuwa sama. Yaya, da na sani ƙeya ce. Maimakon in kwantar masa da hankali, sai na ce ya dage, ya yi azumi, ya buɗe bakinsa kawai, Ubangiji zai cika shi. Ya shiga azumi tun daga ranar. Maganinsa na hawan jini bayan abinci ake sha, sai ya ajiye shi ma. Mama ta yi faɗa, ya ce mata lafiyar jiki ba za ta kai shi sama ba.

Ranar Lahadi aka rufe taron. Bayan sujadar safe aka ce masu neman baftismar Ruhu su fito gaban bagadi. Baba ne ya fara tashi. Ya durƙusa, aka ɗora masa hannu, ganguna na tashi, kowa na addu'a da ƙarfi. Ina bayansa na ji muryarsa ta canja, kalmomin suka harhaɗe, suka zama abin da ba wanda ya gane. Mai bisharar ya ɗaga hannu ya ce dattijo ya samu. Majami'a ta ɗauki ihu. Ni ce na fi kowa, ina kuka ina tsalle. Baba ya damƙe tsintsiyar hannuna da hagunsa har faratansa suka shiga fata, na ɗauka murna ce.

Nas ce ta kutsa cikin mutane ta tsuguna a gabansa. Ta ce in duba bakinsa ya karkace, hannun damansa ya saki, a nemo mota yanzu yanzu. Abin da na mayar mata ba zan manta ba har in mutu. Na ce mata: “Abin da ba ki da shi ba za ki gane shi ba. Ki matsa, kada ki kashe Ruhu.” A gaban jama'a na faɗa mata haka, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Wasu mata suka janye ta gefe. Auta yana wurin aiki, Mama tana gida da ƙafa, ba wanda zai tsaya mata. Da Baba ya kife ƙasa aka ce ikon Allah ne, aka lulluɓe masa ƙafafu da mayafi, aka ci gaba da waƙa. Nas ta fita da gudu ta ɗauko Auta daga can ƙarshen gari, shi ya zo ya ture mutane ya saɓa Baba a kafaɗa.

A asibiti likita ya tambayi ƙarfe nawa abin ya fara. Nas ta ce sha ɗaya da rabi. Ya dubi agogon bango, uku ta gota, ya dube mu ta saman tabarau. Daga baya ya yi mana bayani cewa shanyewar ɓarin jiki ce, kuma a irin wannan ciwo awannin farko su ne komai. Bai tambayi wanda ya yi jinkiri ba, Nas ma ba ta faɗa ba. Har yau ba ta gaya wa Mama ba, kuma kullum ita ke juya Baba tana shafa masa mai a baya. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Yanzu Baba yana gida, a ɗakin gaba kusa da taga. Ba ya magana, amma hankalinsa garau. Auta ya kawo masa fensirinsa da ɗan littafin da yake rubuta awon katako, yana kokawa da hagu, harafi ɗaya sai ya huta. Ranar da abin ya faru ta ɓace masa gaba ɗaya. 'Yan'uwa na majami'a suna zuwa dubiya, da zuciya ɗaya suke ce masa ya yi murna, ya samu kafin ciwon ya zo, shaiɗan ne ya ji haushi. Na ga fuskarsa tana sakewa in ya ji haka. Sai shekaranjiya da la'asar, bayan sun watse, ya jawo bakin zanena, ya turo mini littafin. Ya rubuta kalma biyu karkatattu: “Na samu?”

Gaba kura, baya sayaki. In na ce i, zai yi barci mai daɗi, ni kuma in sake cutarsa da bakina karo na biyu. Na durƙusa a gefen gadon na gaya masa duka. Na ce ba harsuna ba ne, ciwo ne ya kama shi, yana neman taimako ni ina tsalle. Na ce Nas ta gani, ni ce na kore ta. Na kuma ce masa Ruhun yana tare da shi tun kafin a haife ni, duk wanda ya zauna da shi ya ga haƙurinsa da gaskiyarsa. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya juya fuskarsa bango. Jiya yini guda bai taɓa fensirin ba, bai karɓi ko shayi ba. Tsohon fastonmu ya zo ya zauna da shi, ya ce Ruhu da 'ya'yansa ake gane shi, kuma Ubangiji yana jin nishin da ba shi da kalmomi. Baba ya saurara, idonsa a rufe. Nas ta auna jininsa ta ce ya sake hawa, kuma likita ya riga ya gargaɗe mu cewa bugun ciwon na biyu in ya zo ba ya sallama.

Yau da safe na shiga da ruwan wanke fuska na tarar da littafin a buɗe a kan ƙirjinsa. Ya cika kusan shafi guda da manyan haruffa, dole ya daɗe yana fama da su. Ya rubuta: “Na yafe. Amma ni fa?”

Yaya, ya yafe mini, amma tsoron da na taya dasa masa yana nan, kuma ni ba ni da sauran bakin cire shi. Na ce masa bai samu ba ya yi azumi, na yi ihu na ce ya samu, na dawo na ce ciwo ne. Wace maganata kuma zai riƙe? Kai ba ka taɓa gaya masa abu don ya ji daɗi ba, shi ya sa tun muna yara in ka ce abu yakan yi shiru ya karɓa. Na san hanya da nisa, na san ba a ba ku hutu da sauƙi. Ka roƙe su. In za ka yi mini faɗa, na cancanta, ka yi shi a bakin ƙofa in ka iso. Ba na so Baba ya tafi yana ganin an rufe masa ƙofa.

Ka gaishe mini da Mamar 'Yan Biyu, da 'Yan Biyu, da Kyauta ƙarama, da surukarka. Mama da Auta da Nas suna gaishe ku. Na ce wa Baba ina rubuto maka, ya ɗaga yatsa ya nuna kujerar da ke gefen gadonsa, ya hana Mama zama a kai. Ka yi sauri, Yaya.

Ni ce ƙanwarka,
Mai Keke