An Tsayar da Ni a Ƙofar Gidan Ramo

Zuwa ga ƙanwata Zumreta,

Ina gaisuwa. Ya ƙafarki, ya jikoki? Ni lafiyata ƙalau a nan St. Louis, kada ki fara min kuka.

Tun shekarar da aka ƙone ƙauyenmu muka tsallake kogin Drina ban fusata irin na wannan makon ba. Kin san ba na barci sosai. Akwai wata likita mai sauraron damuwar mutane, Dakta Ellen. Na raina ta da farko, amma ta iya yin shiru. Duk Talata nakan zagaya da ita ƙauyenmu da baki, gida-gida, ina faɗin wanda ya rayu da wanda aka kashe. Mun iso ƙofar Ramo mai niƙa.

Sai wata daga kamfanin inshora da ke biyan kuɗin likitar ta bugo waya, ta bakin tafinta, wai ya nake ji. Me zan ce wa baƙuwar da ko gahawa ba mu sha tare ba? Na ce lafiya lau, alhamdulillahi. Marasa tarbiyya suka rubuta na warke, suka soke zuwana wurin likitar!

Ɗana Hajrudin ya ce, “Baba, a ƙasar nan sai ka ce kana mutuwa kafin a taimake ka.” Na ce, “Rufe min baki, ubanka bai taɓa roƙo ba.”

Aiko min da sunan autar Ramo, ya kuɓuce min. Allah ya ƙara miki lafiya.

Gobe da safe zan ɗauki tukunyar gahawata in zauna a ƙofar likitar, in ci gaba da ba ta labari daga gidan Ramo har bakin kogi. Su kira ’yan sanda, su ma su saurara.

Yayanki,
Nurija