Satar Gida

Balikpapan, Satumba

Bapak,

Assalamu alaikum. Babana, ina gaishe ka da ladabi, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. A gaida mini ƙanwarka, goggona Bulik Parmi. Na kira waya kana ta "Wa ke magana?" har na gaji na ajiye. Gangar filin ƙwallo ta gama da kunnenka, shi ya sa na koma ga takarda.

Jiya ƙungiyar garinmu, Bijiman Wonokerta, sun ci biyu da nema, na san ka ji a rediyo. To bari in tuna maka abin da ka faɗa ranar da iyayen Syahrani suka tsallako teku neman aurena. Cewa ka yi, "Na ba ku Lastri. Za a ɗaura aure a makon da Bijimai suka fara cin wasa a gida, alkawari ne." Kowa ya yi dariya har da ni, don bara ba wanda ya doke su a gida, ga shi ana gab da fara gasa. Wa ya san hukumar gasar za ta hango tsaga a bangon filinmu ta rufe shi, ta ce ƙungiya ta nemi inda za ta riƙa buga wasanninta na gida? Kuma duk faɗin Indonesiya sai suka zaɓi garin da nake aiki. Ni dai na ce wannan ikon Allah ne.

To sun ci. Jarida ta rubuta "nasarar farko a gida", ga shi na yanko maka wurin. Mahaifiyar Syahrani har ta kai wa tela yadi. Sa mana rana, Bapak.

'Yarka mai biyayya,
Lastri

Wonokerta, Oktoba

Zuwa ga 'yata Lastri,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar alheri, wasiƙarki ta iso, tare da guntun jaridar. Na karanta shi, kuma na fahimci wanda ya rubuta bai taɓa taka Wonokerta ba.

Nduk, 'yata, wasan da sai mutum ya kwana a jirgin ruwa kafin ya kalla ba wasan gida ba ne. Na kara rediyo a kunnena tun daga farko har ƙarshe. Filin nan ba kowa a cikinsa, har tarin koci ina ji. A gida in Bijimai suka sami bugun kwana, ƙasa girgiza take yi. A gida akwai iskar da ke tasowa daga gonar rake bayan hutun rabin lokaci, wadda golanmu ya sani, golan baƙi bai sani ba. A gida akwai ni da gangata a bayan raga, tun kafin a haife ki. Filin aro filin aro ne, ko da an rubuta masa gida da manyan baƙaƙe.

Ban da haka ma wasan bai yi mini ba. Sabon ɗan gaban da suka sayo daga Brazil tumbi ya yi masa yawa, gudu yake kamar mai ɗauke da buhun shinkafa. Bayanmu kuma a buɗe yake. In kin ga koci ki gaya masa.

Maganar aure tana nan, ban janye ba. An ce za a gama gyaran fili kafin ruwa ya sauka sosai. Ki gaida yaron nan da iyayensa.

Mahaifinki,
Sukirno

Balikpapan, Disamba

Bulik Parmi,

Ina gaisuwa, ya ciwon baya, ya kasuwa? Bulik, don Allah ki shiga maganar nan kafin kaina ya fashe.

Kin ga abin da yayanki ya rubuto mini? Wai yana jin tarin koci daga wani tsibiri, amma muryar 'yarsa a waya ba ya ji! Wai in gaya wa koci bayansu a buɗe yake. Ni ungozoma ce, Bulik, haihuwa nake karɓa. Na wuce talatin, yaran da na karɓa da hannuna sun shiga makaranta, amma aurena yana rataye a ƙafar wani ɗan Brazil mai tumbi.

Sun ƙara cin wasa biyu a nan. Duk lokacin da suka ci na aika masa jarida, shi kuma ya aiko mini da sharhi.

Syahrani ne ma abin tausayi. Mutumin da ko sunan Wonokerta bai iya faɗa daidai ba, yanzu ya sayi koriyar rigar Bijimai, ba ya fashin wasa. Da na karanta masa cewa fili ba kowa, sai ya fara kwasar 'yan'uwansa da abokan aikinsa na tashar jirgin ruwa yana kai su. Na ce masa, "Kai ma ka haukace ne?" Ya ce, "Tsoho ya ce ba hayaniya, to za mu yi masa hayaniya ya ji a rediyo." Ranar ya dawo muryarsa a dishe, da hannu ya ce mini sai da safe.

Amma mahaifiyarsa ta fara canza fuska. Shekaranjiya ta zuba mini shayi ta ce, "Lastri, mu a nan in ba a son ba mutum 'ya, gaya masa ake yi. Ba a haɗa shi da 'yan ƙwallo." Na rasa inda zan sa fuskata. Tela ya gama ɗinki tuni, kayan suna rataye a ɗakinta, duk wanda ya shigo sai ya tambaya.

Ki je ki gano mini ina aka kwana a gyaran filin nan. Ki kuma haɗa shi da liman.

Taki,
Lastri

Wonokerta, Fabrairu

Lastri 'yar albarka,

Na amsa gaisuwa, baya yana nan yadda kika san shi. Ki yi haƙuri da jinkiri, ruwa ya hana kowa sakat.

Na je filin. Gyara? Tulin yashi ɗaya na gani da allo mai hoton yadda wurin zai zama. Awakin unguwa suna kiwo a tsakiyar fili, ciyawa ta kai mini gwiwa. Ko jikanki ba zai ga ƙarshen gyaran nan ba.

Liman kuma na kawo shi har gida, na soya masa tempe na waken soya. Ya yi wa yayana Mas Kirno bayani da kyau cewa ba ya halatta a riƙe aure a kan irin wannan magana, in ma rantsuwa ce ya yi kaffara ya huta. Ubanki ya ce, "Malam, ni ban ce rantsuwa ba, alkawari na ce, kuma gida na ce." Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai ga su suna gardama a kan wani fanareti na shekarun baya. Liman ya tafi a fusace, ya manta hularsa.

Yanzu ki saurara, don wannan ban gaya wa kowa ba. Duk ranar wasa ubanki yana saɓa gangarsa ya tafi ƙofar filin nan da aka garƙame, ya zauna a kan dakali da rediyo, shi kaɗai, yana kiɗa wa awaki. Rannan na bi shi da laima. Na ce, "Mas, kai ba ka jin kunya? Yarinya tana can tana tsufa." Bai kalle ni ba. Ya ce, "Parmi, ana ta cewa mai ƙungiyar ya ji daɗin can, wataƙila ba zai dawo da ita ba. Haka ake yi. A ce aro ne, na ɗan lokaci ne. Lastri ma shekara biyu ta ce za ta yi. Ranar da na buɗe baki na ce can gida ne, shi ke nan, an yi mini satar gida, ba mai dawowa."

Na tsaya riƙe da laima kamar sakarya. Tun rasuwar mahaifiyarki ban ji ya yi magana mai tsawon haka ba wadda babu ƙwallo a ƙarshenta. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Bijiman naku ma sun lalace, wasa biyar a jere ana lallasa su, sun gangaro ƙasan teburi. Ni duk kun ishe ni.

Bulik ɗinki,
Parmi

Balikpapan, Afrilu

Bapak,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Yau ba jarida a cikin ambulan.

Mahaifiyar Syahrani ta yi magana ta ƙarshe, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce in aka rufe gasar bana ba a ɗaura ba, sun ɗauka an hana su, za su yi haƙuri su bar maganar. Wasan gida ɗaya ya rage, na ƙarshe, wata mai zuwa. In Bijimai suka sha kashi sun faɗa rukuni na biyu, ka fi ni sani.

Raina a ɓace yake, Bapak, ba zan ɓoye ba. Ina son mutumin nan, kai ma ka ce ka ba shi. Ba zan nemi wani waliyyi ba kana raye, ko da hakan zai sa in rasa shi. Amma ba ka da ikon yanke wa wuri hukunci daga kan dakali. Ba ka taɓa ganin ɗakina ba, ba ka taɓa ganin asibitin da nake aiki ba, ba ka ga filin ba. Ka zo ka gani da idonka. In ka gani ka ce ba gida ba ne, na yi shiru har abada.

Jirgin ruwa yana tashi daga Surabaya, Bulik za ta raka ka tasha. Ka taho da maganin gwiwa. Gangar kuma, in ka ga dama.

'Yarka,
Lastri

Balikpapan, Mayu

Bulik,

Gaisuwa a gurguje. Bapak ya iso lafiya, amma ki ji yadda ta kaya.

Ya sauko daga jirgi fuska a murtuke, ganga a kafaɗa. Syahrani ya durƙusa ya sumbaci hannunsa, ya karɓi gangar ya ɗora a ka. Bapak ya ce, "A hankali, yaro, ta girme ka." Ya shiga ɗakina ya duba ko'ina, ya ga hoton Ibu, mahaifiyata, a bango, ya daɗe a gabansa, sannan ya ce famfona yana ɗiga.

Ranar wasa na bi su, karo na farko a rayuwata. Bulik, bayan ragar nan cike yake! Dangin Syahrani, 'yan dako na tasha, mutanenmu na Jawa masu aiki a nan, har mazajen matan da na karɓi haihuwarsu, duk Syahrani ya bi su gida gida ya gayyato. Suna ta rera waƙar Bijimai a karkace. Bapak ya saurara kaɗan ya ce, "Wa ya koya musu wannan ɓarnar?" Syahrani ya ce, "Ni ne, Pak." Bapak ya ce, "Riƙe mini nan." Gwiwa ba ta bar shi ya ɗauki gangar ba, sai Syahrani ya rungume ta a ƙirji, tsoho yana duka. Wallahi da ya saki kiɗan nan sai da na ji siminti yana motsi a ƙarƙashin ƙafata.

Baƙi suka fara ci. Bayan hutu mai tumbin nan ya farke da ka. Ana gab da tashi ya sake samun ƙwallo, ya zura ta a raga, wuri ya kacame, na ga Bapak ya rungume Syahrani da ganga da komai, ni kuma ina ta kuka ina cewa na yi aure. Sai ga mai tuta ya ɗaga tutarsa. Wai satar gida! Aka soke ƙwallon, aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya.

Kowa yana murna don Bijimai sun tsira, ba su faɗa ba. Ni kaɗai nake zaune kamar an yi mini mutuwa. Ki duba fa, Bulik: wata da watanni ina roƙon mutumin nan ya yarda nan gida ne, yanzu ko ya yarda ba a ci ba. Kin san shi da kalma, a kan "gida" kaɗai ya cinye mini kusan shekara, ina ga "ci"?

Daga fili mahaifiyar Syahrani ta kai mu gidanta. Bapak ya sha miyar soto kwano biyu, ya yaba, bai ce komai a kan aure ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na ga ta sauke kayan auren daga inda suke rataye ta ninke. Da muka dawo na ce, "Bapak, to yanzu fa?" Ya ce, "Me kika ce?" Wannan kurumtar tasa mai zaɓen magana ta ishe ni. Ga shi can ya karɓi birona ya juya mini baya yana rubutu, wai a haɗa da tawa a aika miki. Ni na gaji, Bulik. In na sake jin kalmar ƙwallo zan yi ihu.

Taki,
Lastri

Balikpapan, Mayu

Zuwa ga ƙanwata Parmi,

Bayan gaisuwa, ki hau jirgi na gaba. Ki taho mini da baƙar hulata da rigar batik ta cikin akwati, da sarƙar marigayiya. Ki mayar wa liman hularsa, ki ce na gaishe shi.

Za ki ji ana cewa kunnen doki aka yi. Ƙarya ce. Ina bayan ragar, ni da surukina Syahrani, a kan idonmu aka zura ta, kuma mai tutar nan makaho ne. Ba wanda ya yi satar gida.

Mun ci biyu da ɗaya, a gida. Ɗaurin aure ranar Juma'a.

Yayanki,
Sukirno