Sarƙar Garmar Baba

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Binta da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Dutse lafiya lau, damina ta zauna.

Ranar Asabar na je gida Jahun, na tarar Baba yana fushi da bijiman da ka saya masa. Wai ragwaye ne, garma sai tsalle take, ta ƙi kama ƙasa. Har yana maganar mayar da su kasuwa ana tsakiyar huɗa.

Da na duba, sun fi tsofaffin shanunsa tsayi, sarƙar garmar kuwa ba a canja ba, shi ya sa ta karkata sama sosai. Abin da nake koya wa ɗalibaina ne: jan da ya zo a karkace kashi biyu yake, wani gaba, wani sama. In shanu na tafiya ba ƙarin sauri ba ragi, na gaban daidai yake da turjiyar ƙasa. Na saman ne ke ɗaga garmar. Muka ƙara wa sarƙar kamu biyu, ta kwanta, garma ta nutse.

Baba ya kama garmar ya huɗa kunya uku. Sannan ya ce, "Ashe bokon naka ya san hanyar gona."

Ka gaida kowa, ka taya mu addu'ar damina mai albarka.

Ƙaninka,
Sani