Makirufon da na ce ya lalace

Daren Laraba, Magajiya

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma makirufon wayata lafiyarsa ƙalau. Kunya ce ta sa na ce wa Yaya Sadiƙ ya lalace. A wasanmu na harbi, ina ganin abokan gaba suna lallaɓo wa 'yan tim ɗinmu ta baya, bakina ya ƙi buɗuwa, a gama da mu. Makon jiya Yaya ya ce in aka sake, abokinsa zai sa a gurbina.

Anti Bilkisu, 'yar Kanon da ke haya a gidanmu, ta daɗe tana buga wasan, ita ta gano ni. Ba ta tona ni ba. In ta dawo daga aiki sai ta zaunar da ni a ƙofar gida, in riƙa faɗa mata duk abin da ya gifta.

"Acaɓa biyu, ta hagu."

"Ɗaga murya, 'yammata! Ba saurayi kike wa raɗa ba."

Yau ana tsakiyar wasa na ji kaina ina cewa, "Yaya, mutum biyu bayan katanga!" Ya juya ya same su, muka ci. Ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Au, wayar ta warke? To gobe ma da ke."

Na rubuta wa Anti wasiƙar godiya, ta fito sak irin ta littattafan soyayyata, har da "hasken idona". Na san sai ta tsokane ni son ranta, amma ba komai. Gobe za ta koma Abuja da zama. Da safe, kafin ta fita neman mota, zan miƙa mata.