Makullin Gidan Datong

Vom, 4 ga Maris

Maƙwabciyata Tabawa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ciwon ƙafa, yaya ɗanmu Lawwali?

Bayan bikin Ista zan dawo unguwarmu Dutse Uku. Tun da rikici ya kore mu ban yi barcin kirki ba, ga mijina Datong ya rasu a nan. Ina so in ƙarasa kwanana a gidan da ya gina. Ranar da muka tashi, Sallau dillali na ba makullin don ya zuba 'yan haya, yanzu kuma wayarsa kullum a kashe. Don Allah ki neme shi a kasuwar Terminus, ya sallame su.

Taki,
Chundung

Dutse Uku, 19 ga Maris

'Yar'uwata Chundung,

Bayan gaisuwa da ta'aziyyar Datong, wallahi da kuka nake rubutun nan.

Babu 'yan haya. Bara Sallau ya sayar da gidan, kuma ɗana Lawwali ne ya saya. Sallau ya nuna makulli ya ce, "Madam ta ce ba za ta dawo ba, gara na gida ya saya." Ke ma kin sani, a unguwar nan dillalin da ke riƙe da makulli bakin mai gida ne. Ni na ce wa yaron ya sayar da motar hayarsa, kada baƙo ya shiga ɗakinki. Har murna na yi, kin ji wauta!

Sallau ya gudu. Na je ofishin ƙungiyar dillalai, suka ce ba su da sunansa, kuma ba a tilasta wa kowa rajista. Mai keke Napep yana da lamba a jikin kekensa, amma mai sayar da gidan mutane ba shi da komai.

Matar Lawwali ta haihu a gidan. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Taki cikin kunya,
Tabawa

Vom, 2 ga Afrilu

Tabawa,

Na gaishe ki. Barka da samun jika.

Ɗana Hosana ya kawo lauya, ya ce takardun gida suna hannunmu, za mu ci shari'a. Na ce a'a. Yaron da na goya a bayana, ba zan sa a watsa masa kaya a titi ba. Hosana ya daina yi mini magana.

Ku zauna. Amma kada ki zo yi mini godiya, zuciyata ba ta huce ba tukuna.

Allah ya raya jaririn.
Chundung