Ran Yaya Sani Bai Shiga Lissafin Kawu Ba

Daren Laraba

Wa ya ce ɗan gwagwarmaya ba ya canzawa? Kawu Bala, mai cika mana kunne da labarin zanga-zangarsu ta jami'a, yau ya zauna ya lissafa kuɗin kwaso masara daga Kuyello: mai, taya, har abin da za a miƙa wa 'yan bindiga. Wai hanyar daji ta fi araha.

Na ce, "Kawu, direban fa? Yaya Sani ne fa!"

Ya ce, "Kai Habu, karance-karance sun lalata ka. Kasuwanci ba zanga-zanga ba ne."

Da asuba Yaya zai kama hanya. Ko tuwo na kasa ci.

Kafin a tada mota gobe, ina so Kawu ya tsaya a tasha ya faɗa wa jama'a: nawa ya sa wa ran ɗan ƙanwarsa?