Ƙorafi Kan Layin Dogon da Aka Shafe a Kwamfuta ta Uku

Daga: Ƙanwar majinyacin gado na shida, Ɗakin Maza.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Gudanarwa, Cibiyar Farfaɗo da Masu Shanyewar Ɓarin Jiki.

Kwafi: Shugabar Sashen Motsa Jiki.

Litinin, 9 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LALATA AJIYAR WASAN YAYANA, DA ROƘON A DAKATAR DA GOGE TSOHON FAIFAN KWAMFUTA TA UKU KAFIN ALHAMIS

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda a madadin yayana, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ma'aikatanku ke kira Baba Direba. Yana kwance a wurinku tun watan Fabrairu. Hannunsa na dama ba ya iya riƙe biro tukuna, shi ya sa nake riƙe masa. Ga abin da ya faru.

1. A watan Maris malamar motsa jiki ta sanya wasan jirgin ƙasa na kwamfuta cikin atisayensa, don ya riƙa aiki da yatsun damansa. Wasan yadda kamfani ya yi shi bai yi masa ba, ya ce jiragen ciki sun yi kama da firji. Sai malamar ta ɗora masa ƙarin kayan da masu sha'awar wasan ke haɗawa da kansu, waɗanda ake kira mod: ɗaya mai kawo tsofaffin injina irin waɗanda ya tuƙa, ɗaya na gadoji da sigina, ɗaya kuma mai ƙara girman maɓallai don mai rawar hannu. Da su Yaya ya shimfiɗa layin da ya yi rayuwarsa a kai, kwana bayan kwana, daga ƙwaƙwalwarsa. Tashoshin kuwa sunayen 'yan ɗakinsu ya raɗa musu. Akwai Tashar Minshari, don girmama maƙwabcinsa na gado na biyar, wanda kan sa a turo shi a keke ya duba ko jirgi ya tsaya masa.

2. Duk wannan aiki yana cikin fayil ɗaya na ajiya, kuma fayil ɗin ba ya buɗuwa daidai sai da waɗannan mod, a kan tsarin wasan da aka gina shi. A watan Afrilu na zo da filash don in kwafi ajiyar. Aka hana ni, aka nuna mini doka a bango: ba a sa filash a kwamfutocin cibiya. Jami'in kwamfuta, wanda ake kira Injiniya, ya ce in kwantar da hankalina, komai yana hannunsa. Wannan magana tasa gaskiya ce, kuma ita ce matsalar.

3. Ranar Talata, 27 ga Mayu, jami'in ya cire faifan ajiya na kwamfuta ta uku ya sa sabo. Ya sauko da sabon tsarin wasan. Ya kwafo fayil ɗin Yaya zuwa sabon, ya bar foldar mod a tsohon faifai, wai tarkace ne. Bai tambayi malamar ba, alhali ofishinta na kallon ɗakin kwamfuta. Bai tambayi Yaya ba, alhali yana zaune a gefensa.

4. Da ya buɗe ajiyar, wasan ya fito da gargaɗi da jan rubutu, cewa akwai abubuwan da ba a samu ba, kuma ci gaba na iya lalata fayil ɗin. Yaya ya ɗaga hannu yana ƙoƙarin cewa a tsaya. Maganarsa takan ɗauki lokaci kafin ta fito, kuma kowa a cibiyarku ya san haka. Jami'in bai jira ba, ya danna ci gaba. Abin da ya bayyana fili ne fetal, babu gada, babu inji, sai guntayen dogo rataye a sama bisa kogi.

5. Har a lokacin akwai sauran gyara, Ranka ya daɗe. Wasan yana ajiye kansa da kansa, yana riƙe kwafi uku, sabo na ture tsoho. Da jami'in ya ɗauke hannunsa ya tafi shan shayi, da ya yi wa cibiya aiki mafi amfani a wannan rana. Maimakon haka sai ya yi ta rufewa yana buɗewa, yana danna ci gaba, yana zagaya filin yana neman jiragen, har wasan ya rubuta kangon a kan kwafin duka. Da ya gama, ya sanar cewa bairos ne. Ya dafa kafaɗar Yaya ya ce ai wasan yara ne, Baba, sai ka fara sabo, kana da lokaci.

6. Ranar Juma'a, 30 ga Mayu, na same shi a ofishinsa na nemi a mayar da tsohon faifai, inda asalin ajiyar yake lafiya. Ya ce ya riga ya sa masa lamba ya kai sito, kuma abin da ya shiga sito ba ya fitowa sai da sa hannun Gudanarwa. A ofishin Gudanarwa aka ce lamarin kwamfuta na Injiniya ne. Na koma wurin Injiniya, aka ce ya tafi taron ƙara wa juna sani kan tsaron bayanai. Ina yi masa fatan alheri a can.

7. Mai kula da sito ya tabbatar mini faifan yana nan cikin kwali, ba a taɓa shi ba. Ya kuma shaida mini cewa ranar Alhamis, 12 ga Yuni, ɗan kwangila zai zo ya goge dukkan tsofaffin faifai, bisa dokarku ta kare sirrin majinyata. Ban ƙi dokar ba. Sai dai sirrin da ke kan wannan faifai shi ne inda wani tsoho ya kafa sigina.

8. Tun ranar 27 ga Mayu Yaya bai sake shiga ɗakin kwamfuta ba. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ƙwallon yana nan a ƙarƙashin matashi. Hannun da ya fara ɗaukar cokali ya koma kan cinya. Malamar motsa jiki za ta iya ba ku wannan a rubuce, da ma'auninta. Da na ce masa mu sake ginawa tare, sai ya ce, “Auta, rabin hanyar ma na manta ta, tana can ciki.”

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba da ya ba da umarni a rubuce, a yau ko gobe, a cire faifan kwamfuta ta uku daga kwalin ɗan kwangila. A kwafi tsohon tsarin wasan, da foldar mod, da ajiyar, ukun tare, a gaban malamar motsa jiki, kuma kada a buɗe komai sai an yi kwafi na biyu an ajiye gefe. A kashe sabuntawar da wasan ke yi da kansa a wannan kwamfuta. A kuma ba iyalan majinyata halattacciyar hanyar karɓar kwafin aikin 'yan'uwansu, tunda an hana filash.

Ba na neman a ba jami'in takardar gargaɗi. Mun ga yadda yake yi da gargaɗi. Roƙona kawai a ba wani wannan aiki, shi kuma a samar masa abin yi a wani ɗaki har a kammala.

Na faɗa wa Yaya cewa faifan yana nan lafiya. Ban faɗa masa zancen Alhamis ba. Idan Gudanarwa ta ga ya fi dacewa a goge shi, ina roƙon a turo jami'i zuwa gado na shida ya sanar da shi da bakinsa. Ni ba zan kai wannan saƙo ba.

Ina jiran amsarku cikin ladabi da girmamawa. Allah ya taimaki Shugaba.

Taku,

Ƙanwar Baba Direba,
a madadin majinyacin gado na shida.